Wa Zai Koya Wa 'Yar Zaki Farauta?

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan babbar salla na je yini gidan yayana. Yara sun cika falo, nasa da na maƙwabta, kowa da ɗan kwanon soyayyen nama a gabansa. An kawo wuta tun safe, abin da ba kullum ake samu ba, sai babbar 'yarsa ta soka filashi a talabijin ta kunna musu katun ɗin nan na zakuna, The Lion King II: Simba's Pride. Ni ma na samu gefen kujera na zauna, don na fi shekara ashirin rabona da shi. A kaset ɗin bidiyo na fara ganinsa, zamanin da sai an mayar da zare baya kafin a sake kallo.

Ana tsakiyar kallo Yaya ya dawo daga masallaci. Ya tsaya bakin ƙofa, ko hula bai cire ba. An zo daidai wurin da Kiara, 'yar sarki Simba, ta dubi tsabar idon ubanta ta gaya masa ba zai taɓa zama kamar mahaifinsa Mufasa ba. Yaya yana jin Turanci sarai. Ya miƙa hannu ya ɗauki rimot ya kashe.

"Abba, saura kaɗan fa ya ƙare!" in ji autarsa.

"Saura kaɗan ɗin me? Irin wannan ne ke sa yarinya ta tashi tana musayar yawu da ubanta. Gobe kuma a ce ta bi saurayi." Ya juyo wurina. "Ke ma kina zaune kina kallo, babba da ke."

Na ce, "Yaya, ka ga farkonsa kuwa?"

Ya ce ba ya bukatar ya gani.

Ban ja maganar ba a gaban yara. Amma ta tsaya mini a wuya har na koma gida, shi ya sa nake wannan rubutun.

Ga matsayata tun da wuri, kada wani ya wahala nema. Kiara ba fitsararriya ba ce, kuma fim ɗin ba ya koyar da fitsara. Wanda ya yi kuskure a labarin uban ne. Ya so 'yarsa so na gaskiya, ya tsare ta, ya sa mata masu gadi, amma ya bar abu ɗaya da zakanya ba ta rayuwa sai da shi: bai koya mata farauta ba. Da ya bar wannan gurbin kuwa, ɗan gidan abokan gabansa ne ya cike shi. In akwai wanda ya kamata a zaunar ya kalli fim ɗin nan har ƙarshe, iyaye maza ne, su Yaya.

Labarin a taƙaice

Kamfanin Disney ya fitar da fim na farko a 1994. Wannan na biyun ya fito a 1998, kai tsaye a kaset. Darrell Rooney ne ya ba da umarni, Neve Campbell ta yi muryar Kiara bayan ta girma.

Simba ya karɓi sarauta bayan faɗuwar baffansa Scar, wanda ya kashe Mufasa ya ƙwace mulki. Zakunan da suka ci gaba da biyayya ga Scar an kore su zuwa wani fako da ba ruwa ba abin kirki sai gidajen gara. Shugabarsu Zira tana rainon ɗanta Kovu da buri ɗaya, ya girma ya kashe Simba. A ɗaya gefen kuma an haifi Kiara, magajiyar sarauta. Yaran biyu sun haɗu suna ƙanana a bakin wani ruwa mai cike da kadoji, suka tsira da ƙyar, iyaye suka raba su. Sauran labarin abin da ya faru ne da suka sake haɗuwa bayan sun girma.

"Ta yi wa ubanta rashin kunya"

Wannan ce hujjar Yaya ta farko, kuma ba zan ce ba ta da ƙafa ba. Maganar da Kiara ta faɗa mai zafi ce. Ta san ubanta ya ga mutuwar mahaifinsa da idonsa yana yaro, ta san kullum yana auna kansa da shi yana ganin bai kai ba, sai ta danna daidai gyambon. Ni da aka haifa a gidan da ko sunan mahaifinmu ba ma iya faɗa, jikina ya yi sanyi a wurin. Da 'yar yayana za ta gaya masa makamanciyar wannan, ni ce ta farko da za ta ja kunnenta.

Amma Yaya ya shigo ne a tsakiyar shari'a ya yanke hukunci. Me aka yi kafin nan?

Ranar da Kiara za ta fita farautarta ta farko, ta roƙi ubanta a gaban jama'a ya yi mata alkawarin zai bar ta ta yi ita kaɗai. Ya yi alkawari. Tana ba da baya ya raɗa wa abokansa Timon, wata 'yar dabba mai kama da tunku, da Pumbaa, gadu, su bi ta a ɓoye. Ta yi kiciɓis da su a cikin ciyawa. A nan ta gane maganar ubanta ba abin riƙewa ba ce.

Mu kan raina irin wannan ƙaryar. Mu ce ai don amfanin yaron ne. Uba ya ce wa 'yarsa ya yarda da ita, da dare ya ɗauki wayarta yana bincike. Uwa ta ce "je ki, Allah ya tsare", sai ta tura ƙane ya bi ta a baya ya kawo rahoto. Yaro ba ya manta ranar da ya kama babba da ƙarya. Daga ranar zai fara ɓoye nasa shi ma, kuma ya fi ka iya ɓoyo, don ya fi ka lokaci kuma ya fi ka sanin waya.

Sannan ga abin da ya biyo bayan zafafan kalaman, wanda Yaya bai tsaya ya gani ba. Kiara ta sulale ta wata kafa a bayan kogo ta je ta nemo Kovu, wanda Simba ya kora. Kovu ya kawo shawarar da duk uba yake tsoro: su gudu, su je wani wuri mai nisa su kafa nasu garken, su bar iyayen da rigimarsu. Ta ƙi. Ta ce masa wajibi ne su koma, don in suka gudu gidajen biyu za su dawwama a rabe.

Wato ainihin abin da Yaya ya kashe talabijin don kada 'ya'yansa su koya, fim ɗin da kansa ya ɗora shi a faifai, yarinyar ta ture. An ba ta damar bin saurayi, ta zaɓi komawa gida, gidan da aka yi mata kulle, gidan da ake shirin yaƙi. Daga baya da Zira ta yi tsalle za ta afka wa Simba, Kiara ce ta tare ta da jikinta har suka gangara kwazazzabo tare. 'Yar da ta raina ubanta ba ta yin haka.

Zakanyar da ba ta iya farauta ba

A nan ne zan daɗe, don nan ne abin ya taɓa ni.

Duk wanda ya san rayuwar zakuna a daji ya san garke na mata ne. Uwa da 'ya'yanta da 'yan'uwanta mata su ne ke zama wuri ɗaya tsawon rayuwa. Namiji in ya kai shekara biyu zuwa uku barin garken yake yi, wanda ya zo ya mallaki garke kuma bayan 'yan shekaru wani ke ture shi. Mafi yawan farautar da garke ke ci, zakanyu ne ke yin ta. Saboda haka zakanyar da ba ta iya farauta ba, ba shagwaɓaɓɓiya ba ce kawai, abar tausayi ce.

To dubi Kiara ranar fitarta ta farko. Ta girma, ta yi kyau, ana ta yaba ta. Ta shiga ciyawa tana sanɗa, ta taka ƙirare, garken dabbobi ya watse. Ta sake gwadawa, ta ture dutse, suka sake watsewa. 'Yar sarki guda, jikar Mufasa, ba ta san yadda ake ajiye ƙafa ba. Ina uban yake duk shekarun nan? Yana can yana shata mata hanyar da za ta bi da wadda ba za ta bi ba.

Wa ya koya mata daga baya? Kovu. Yaron da aka horar don ya kashe ubanta. Shi ne ya fita da ita da sassafe, ya kwanta yana jiran ta afka masa, ya kauce tun kafin ta iso don tun daga nesa yake jin motsinta. Shi ya gaya mata numfashinta ya yi ƙarfi, ta sassauta jiki, ta ji ƙasa a tafin ƙafarta don kada ta motsa. Darasin da bai fi na safiya ɗaya ba. Da uban ya ba da safiya ɗaya tak, da baƙo bai samu ƙofar shiga ba.

Na san wannan safiyar, don ni ma an yi mini ita.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa bari na shiga motar haya ni kaɗai ba har na kai shekara goma sha tara. Makaranta a kai ni, a ɗauko ni. Kasuwa ba ni. Banki ban san ƙofarsa ba. Yaya kuwa tun yana aji ɗaya a sakandare ake aikensa har wani gari. Da na samu gurbin karatu a wata jiha, sai ya zamana Baba yana kwance ba lafiya, Yaya yana bautar ƙasa a kudu. Dole na tafi ni kaɗai.

Ina sauka daga babur a bakin tasha wani ɗan kamasho ya fizgi jakata yana cewa, "Hajiya, saura mutum ɗaya mu tashi." Na bi shi da gudu. Mota ta kusa cika kuwa. Na biya abin da ya faɗa ban ce uffan ba, don ban san ana tayi ba. Ina zama sai na ga fasinjojin nan suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ashe 'yan zaman cika mota ne. Awa huɗu na yi a wurin, jakata a ɗaure a but, ina jin kunyar in ce a ba ni kuɗina. Wata dattijuwa mai ɗauke da kaji a kwando ce ta tambaye ni nawa na biya. Da na faɗa ta riƙe baki ta ce, "'Yar nan, kuɗin mutum biyu kika bayar. Ba a taɓa aikenki ba ne?"

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Ta gaba ta fi haɗari. A makaranta na tsaya da takardu a hannu, layi ko'ina, ban san ofishin da ake fara shiga ba. Wani saurayi ɗan aji uku ya lura da ni. Kwana uku yana gaba ina biye: nan za ki biya, nan za a buga miki hatimi, wannan fom ɗin kwafi huɗu za ki yi. Na ji a duniya ba wanda ya kai shi kirki. Ranar ta huɗu ya fara zuwa ƙofar ɗakin kwananmu da magariba, ni kuma na kasa cewa kada ya zo, don ina ganin yana bi na bashi. Allah ya taimake ni ba mugu ba ne, da na nuna ba na so ya ja jiki. Amma sa'a ce na yi, ba wayo ba. Da mugu ne, ba ni da makamin da zan kare kaina, domin duk tsaron da aka yi mini a gida na bango ne da ƙofa, kuma ranar ba bango ba ƙofa.

Ku duba unguwanninku. Akwai matar da mijinta ya rasu ba ta san bankin da yake ajiya ba, ba ta san inda takardun gida suke ba, ba ta taɓa sayen katin mita da hannunta ba. Yana raye ana cewa ya hutar da ita. Bayan sadakar arba'in sai ga wani ɗan'uwa ya zo "taimako", kuma kowa ya san yadda irin wannan taimakon yake ƙarewa wani lokaci. Akwai budurwar da ta gama digiri amma ba ta iya tsayawa gaban likita ta faɗi abin da ke damunta ba sai an yi mata magana. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muke yi wa 'ya'ya mata: mu hana su taɓa komai, rana ɗaya mu kai su gidan miji ko jami'a mu ce Allah ya ba da sa'a.

"Ai duniyar ce ta lalace"

Da na kira Yaya a waya bayan kwana biyu, wannan ya kawo. Ya ce, "Ke kina maganar katun, ni ina maganar ƙasar da muke ciki."

Gaskiyarsa. Uban da ya ji labarin Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, ba wanda zai ce masa tsoronsa na banza ne. Kuma ba ina cewa koya wa yarinya shiga mota ko cinikin kasuwa zai tare ɗan bindiga ba. Wancan nauyi ne na hukuma, kuma ba laifin uba ba ne ko na 'ya.

A fim ɗin ma tsoron Simba ba na banza ba ne. Zira da gaske take. Gobarar da ta ritsa da Kiara a daji, 'ya'yan Zira ne suka cinna ta, Nuka da Vitani, don Kovu ya fito a matsayin wanda ya cece ta ya samu shiga fada. Simba kuma mutum ne, ko in ce zaki ne, da maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Har mafarki yake yi yana ganin Scar ya rikiɗe ya zama Kovu.

Tambayata ita ce, tsaron da ya yi ya yi aiki? Masu gadin da ya zaɓa su ne gadu da wata 'yar dabba mai kama da tunku. Karo na farko suna can suna gardamar wane ƙwaro ya fi daɗi, yarinya ta sulale ta faɗa cikin kadoji. Karo na biyu ganin su ne ma ya fusata ta ta nausa nesa da gida, inda wuta ta same ta. Duk sanda na ga an haɗa budurwa 'yar shekara goma sha bakwai da ƙanenta ɗan shekara tara wai ya raka ta, su Timon nake tunawa. Me yaron nan zai tare? In an ba shi alawa ya manta da abin da aka aike shi. Rakiyar ba don tsaro ba ce, don hankalin uba ya kwanta ne.

Kuma ku lura da lissafin Zira. Ba ta tunkari Simba gaba da gaba ba. Ta nemi inda gidan ya fi rauni, ta samu 'yar da aka killace ba a horar ba. Mugaye na gaske ma haka suke lissafi. Sun san wace yarinya ce ba ta san farashin komai ba, wace ce ke jin yunwar a yi hira da ita kamar mai hankali.

Batun Kovu

A nan zan ba Yaya rabin gaskiya, har fiye da rabi.

Ba na son yadda fim ɗin ya sauya Kovu cikin kwana biyu. Yaron da aka shayar da ƙiyayya tun yana jariri, an yi tsere da karkanda, an kalli taurari, gwaggon biri Rafiki ya rera musu waƙa a kwale-kwale, shi ke nan zuciya ta wanke. A rayuwa ba haka ba ne. Mata nawa ne suka shiga gidan mashayi ko mai duka da tunanin soyayyarsu za ta gyara shi? In akwai gubar da ke cikin fim ɗin nan, ita ce wannan, kuma maganinta a zauna da yarinya a ce mata, "Kin ga wannan wurin? Ƙarya ne." Kashe talabijin ba ya faɗa mata haka. Za ta ƙarasa kallo a wayar ƙawarta, ba kowa a gefenta.

Sai dai ku dubi abin da Simba ya riƙe a kan Kovu. Tun yana ɗan ƙarami, bai yi komai ba, an riga an yanke masa hukunci saboda gidan da ya fito. Fim ɗin ya fayyace cewa shi ba ɗan Scar ba ne ma, zaɓarsa kawai Scar ya yi ya gaje shi. Amma sunansa kansa tambari ne: da harshen Swahili, kovu na nufin tabo, ma'anar sunan Scar ke nan. Ranar da mutanen Zira suka yi wa Simba kwanton ɓauna, Kovu ba da saninsa ba ne. Ya dawo fada da sabon tabo a ido, wanda uwarsa ta yi masa, yana roƙo a saurare shi. Simba bai saurara ba, ya kore shi, dabbobin daji suka bi shi da jifa da waƙar tsinuwa.

Wannan bai yi muku kama da wani abu ba? Binciken aure abu ne mai kyau, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. A tambayi sallarsa, sana'arsa, abokansa, yadda yake da uwarsa. Amma sau nawa bincike ke tsayawa a kan "ɗan gidan wa ne"? An fasa aure don kakan yaro mahauci ne ko wanzami. An fasa don ubansa da baffan yarinya sun taɓa shari'ar gona shekara talatin da suka wuce. Alhali a Islamiyya mun haddace cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Abin da Kiara ta yi a filin yaƙi bai wuce wannan ba. Ana ruwan sama, zakanyun ɓangarorin biyu sun yi butu-butu da taɓo har ba a bambance na gida da korarru. Ta shiga tsakani ta ce wa ubanta ya dube su da kyau ya faɗi bambancin da ya gani. Kuma hujjar da ta kafa masa, karatun da shi da bakinsa ya yi mata ne tana ƙarama, cewa su duka abu ɗaya ne. Ba ta zo da baƙuwar aƙida ba, nasa ta maido masa. Vitani, 'yar Zira, ita ta fara tsallakowa, saura suka biyo. Ko Zira da ke rataye a bakin kwazazzabo, Kiara ta miƙa mata hannu. Ita ce ta ƙi kamawa, ruwa ya tafi da ita.

"Tarbiyyar Turawa ce"

Wannan ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ƙasar da take da Daurama a tarihin Daura, da Amina a Zazzau, da Sarauniya Mangu wadda ta tsaya wa sojojin Faransa a Lugu a 1899, ba Disney ce za ta koya mata cewa mace na iya riƙe jama'a ba. Nana Asma'u ba a fim ta ga yadda ake tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su karantar da mata ba, kuma mahaifinta Shehu Usmanu ne ya zaunar da ita ya karantar da ita. Uban da ke koya wa 'yarsa abin da za ta tsaya da ƙafarta, namu ne tun asali.

In ma akwai ƙorafi, nawa ya fi na Yaya, kuma ta ɗaya gefen yake. Su masu fim ɗin ba su yi wa Kiara adalci ba. Labarinta ne, amma sunan uban aka sa a kai. Har aka tashi ba a nuna ta kama ko zomo ba. Da suka dawo da ita a shirin talabijin na The Lion Guard, wanda aka fara a 2015, ƙanenta Kion aka ba jarumtar. Akwai kashin da aka bar mata riƙon ƙwarya iyayenta sun yi tafiya, kuraye suka yaudare ta, ƙanen ne ya zo ceto. A Mufasa: The Lion King na 2024, wanda Barry Jenkins ya ba da umarni, Blue Ivy Carter ta yi muryarta, sai aka mayar da ita 'yar ƙarama tana zaune a kogo tana tsoron tsawa, Rafiki yana ba ta labarin kakanta. Kuma ku canki waɗanda Simba ya bar wa amanarta da zai fita. Timon da Pumbaa. Shekara ashirin da shida, ba a canza masu gadi ba.

Duk da haka na fi son 'ya'yan yayana su san ta da su rasa ta. Gimbiyar da ta ce ita ba gimbiya ce kawai ba, wannan rabinta ne, tana neman ɗaya rabin, ta fi mini wadda ke kwance tana jiran ɗan sarki ya zo ya tashe ta.

Yaya bai ce na yi gaskiya ba. Ba ya cikin masu faɗin haka, musamman ga ƙanwa. Amma makon jiya babbar 'yarsa ta kira ni tana murna. Za ta je rajistar jarrabawar shiga jami'a, Abba ya ce ta je ita kaɗai. Ya zaunar da ita ya gaya mata kuɗin adaidaita daga bakin titi zuwa wurin, ya ce kada ta ba kowa takardunta na asali, ta raba kuɗinta gida biyu, in wani ya ce zai taimaka mata ta tsallake layi ta ce ta gode.

"Goggo, har lambar wayarsa ya sa na haddace, wai ko caji zai ƙare."

Na sa mata albarka muka yi sallama. Ko minti goma ba a yi ba wayata ta sake ƙara. Yaya ne, yana magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ya shiga bayan gida don kada a ji shi.

"Gobe kina da aiki da safe? Wurin ba shi da nisa da ku. Ki ɗan tsaya daga tsallaken titi, ba sai ta gan ki ba."

Na ce, "Yaya, ka yi mata alkawari?"

Ya yi shiru.

Na ce masa ya nemi wani, ni ba Timon ba ce.